Yawon da munka biya zuwa ƙauyen Eyam na Ingila, ya ci kuɗinshi ko bai ci ba

Masu ɗiya a Ingila sun yi yawa Gusau yanzu, kusan duk majalisar da ka zauna sai ka ji wane ɗiyarshi na Shefild tana karatu, wane ɗanshi na aikin asibiti Manchesta, kuma in Allah ya sa biza ta fito anka je ziyara, abin da yaran sunka sani su kai ka babban kanti, su kai ka bakin filin ƙwallo a yi maka hoto, sauran kwanakin kana ɗaka kana jin sanyi kana leƙen taga. Tunda na sa hotunan wani ƙauye a sitatus ake ta kirana, Alhaji ina ne nan, wa ya kai ku, akwai abin gani ko duwatsu ne kawai. Na gaji da saƙon murya ɗaya bayan ɗaya, ga shi nan a rubuce kowa ya karanta.

Eyam ake rubuta sunan garin in za ka nema a waya, su kuma Iim suke cewa. Yana cikin gundumar Derbyshire, daga Shefild bai kai tafiyar awa guda ba. Wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido ne na can Shefild ya kai mu, surukina ya biya ta intanet, ni da Hajiya da ɗiyata da amaryata ƴar ƙarama, wato jikata, wadda ba ta bari a fita ba ita. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba don ina da ƙorafi kansu kuma ba talla nike musu ba. Shi ƙauyen wallahi ya cancanci a je. Kamfanin ne rabi da rabi, kuma zan faɗi dalili.

Wajen mota ba ni da abin cewa. Ƙaramar bas ce mai tsabta, ga hita, kujeru ba matsi, lokacin da anka ce za a tashi kafin ya cika direba ya iso yana jiranmu. Direban shi ne kuma mai bayani, wani dattijon Bature mai fara'a, makirfo a bakinshi yana tuƙi yana zuba, sai dai Turancinshi na mutanen arewacin Ingila ne yana haɗiye rabin kalma, ni da na yi shekaru ina aikin lafiya da Turanci sai da ɗiyata ta koma yi mani tafinta. In kai kaɗai ne ba yaro tare da kai, shirya ma asarar kashi mai yawa na abin da zai faɗi. Hanya kuwa daɗin kallo gare ta, ana fita gari sai tuddai, yankin da suke ce ma Peak District, shi ne gandun ƙasa na farko da Birtaniya ta keɓe, tun 1951. Gonaki duk an raba su da katangar dutse wadda ba siminti ba laka, jera su kawai anka yi sunka zauna, tumaki kuma birjik ba makiyayi. Hajiya ta ce wannan da gida ne da yamma ba ta yi ba an loda su.

Garin na kwance ne gefen tudu, dogon titi guda ne kusan duka, gidajen dutse hagu da dama, mutanen ciki ba su kai 1000 ba a ƙidayar 2011. Tsohon gari ne, yana cikin littafin ƙidayar ƙasa da Sarki William ya sa anka yi a 1086. Amma ba tsufa ke kai mutane can ba. Annoba ce.

Kusa da coci akwai wasu ƴan gidaje jere, har yau da mutane ciki suna zamansu, an kafa allo kore bakin kowanne da sunayen waɗanda sunka mutu ciki. Nan direba ya fara tsayar da mu kuma nan ya fi yin ƙoƙari. A 1665 annoba na cin Landan, ta kashe wajen mutum 100,000, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na birnin. Ƙarshen bazararsu na wannan shekara anka aiko ma telan garin, Alexander Hadfield, ƙunshin yadi daga Landan. Shi ba ya nan, yaron shagonshi George Viccars ya kwance ƙunshin ya iske yadin da danshi, ya shanya bakin wuta. Cikin ƴan kwanaki ya kwanta, ran 7 ga Satumba 1665 anka rufe shi. Daga nan ta shiga yaran gidan, ta tsallaka maƙwabta, shi kanshi telan ta ɗauke shi shekarar da ta biyo. Matar gidan Mary ta rayu, amma danginta 13 sunka tafi.

Ƙuma ce cikin yadin, ɗumin wuta ya tashe ta. Cutar ƙwayar bakteriya ce da ke zama jikin ɓeraye, ƙuma ta ciji ɓera ta ciji mutum, sai zazzaɓi mai zafi, sai kaluluwa ta kumbura a matsematsi ko hammata ko wuya, wani kuma ta kama mishi huhu ya riƙa watsa ta da tari. Yau in anka kama ta da wuri maganin kashe ƙwayoyi na warkar da ita. Su a lokacin ba wanda ya san haka, sai 1894 Alexandre Yersin ya gano ƙwayar a Hong Kong, su iska suke zargi da wari da zunubi. Wannan bayanin ba direba ya yi shi ba, shi ya ce ƙuma kawai ya wuce, gidan tarihin garin ne ya shimfiɗa shi dalla dalla.

Da sanyi ya shigo mutuwa ta lafa, mutane sunka ɗauka ta wuce, zafi na dawowa a 1666 ta taso da ƙarfinta, kowa ya fara ɗaure kaya zai gudu Shefild da sauran garuruwa. Limamin cocin wani saurayi ne William Mompesson, bai kai shekara 30 ba, baƙo ne kuma, 1664 anka kawo shi, mutanen garin ba su gama yarda da shi ba. Wanda sunka yarda da shi tsohon limaminsu ne Thomas Stanley, da anka tsige don ya ƙi bin tsarin ibadar da gwamnati ta shimfiɗa bayan dawowar Sarki Charles na biyu, amma ya ci gaba da zama garin. Wato wanda anka tsige da wanda ke kan kujerarshi, aƙidarsu ma ba ɗaya ba. Su biyun nan sunka haɗa kai a watan Yuni 1666 sunka tara jama'a, anka yi alkawari ukku. Kowane gida ya rufe mamacinshi da kanshi kusa da gida, ba kai gawa maƙabartar coci. A rufe cocin, a koma ibada a fili cikin wani kwari da ake kira Cucklett Delf, kowane iyali ya tsaya nesa da wani. Na ukku shi ne mai nauyin, ba mai fita garin ba mai shiga har sai ta ƙare.

Direba na kai wa nan Hajiya ta taɓa ni ta ce Alhaji ai hadisi ne. Kuma gaskiyarta, yana cikin Bukhari da Muslim, in kunka ji annoba ta ɓarke a wata ƙasa kada ku shige ta, in kuma ta ɓarke kuna ciki kada ku fita kuna gudunta. Shi ne Sayyidina Umar ya yi aiki da shi da ya doshi Sham lokacin annobar Amwas, shekara ta 18 bayan hijira, ya juya da jama'a, Abu Ubaida ya tambaye shi gudun ƙaddarar Allah za ka yi, ya ce muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Shi Abu Ubaida can ya zauna, cikinta ya rasu, da Mu'azu ɗan Jabal. Na faɗa ma direban, ɗiyata na gyara mani Turanci, ya ce bai taɓa ji ba, ya kuma saurara da kyau, wannan na yaba mishi. Mun sha jin hadisin a wa'azi, amma ka tsaya cikin garin da anka aikata irin wannan hukunci ka ga sunaye a bakin ƙofa, gida kaza mutum tara, wani abu ne daban.

To ga inda na fara samun matsala da bayanin kamfanin. Labarin da direba ke bayarwa mai zaƙi ne ƙwarai, duk garin jarumai, kowa ya yarda da murna, sun mutu don su ceci arewacin Ingila, a tafa. Ba ƙarya ya yi ba amma ya tace. In ka shiga gidan tarihi ka karanta da kanka za ka ga masu hali da dama sun riga sun fice tun kafin a kulle, waɗanda sunka rage mafi yawa mahaƙa ne da ƙananan manoma da ba su da inda za su, kuma ko sun fita ba garin da zai amshe su. Shi kanshi Mompesson ya fitar da ɗiyanshi biyu kafin kullen. Ya so matarshi Catherine ta bi su ta ƙi, ta zauna tana taya shi zagayen marasa lafiya, ta mutu cikin Agusta 1666 tana da shekara 27. Yawan mutanen garin ma masana ba su daidaita ba, wasu su ce 350 wasu su ce sun kai 800, direba kuwa ƙaramar lambar ya ɗauka don abin ya fi girgiza mu. Waɗanda sunka mutu 260 ake faɗi, rajistar coci ta nuna 273, cikin wata 14, na ƙarshe ran 1 ga Nuwamba 1666. Kuma da yawa cikin labaran masu sa hawaye, irin na budurwa Emmott Sydall da saurayinta na ƙauyen maƙwabta da suke tsayawa nesa suna kallon juna har ranar da ba ta zo ba, baki da baki anka riƙa ba da su, sai 1842 wani ɗan garin William Wood ya tattara ya buga, shekara sama da 170 bayan abin. Akwai ma masu ganin kullen ya ƙara yawan mutuwa a cikin garin don an tsare mutane wuri guda da ɓerayen da ƙumar. Ni ban ga abin ɓoyewa cikin wannan ba. Talakan da ya tsaya yana jin tsoro, ya san mai kuɗi ya tsere, ya kuma riƙe alkawari, bai ragu a idona ba.

Abin da ya fi tsaya mani a rai kuwa direba cikin jimla guda ya wuce shi. Wa ya ciyar da su? Basaraken yankin, mai sarautar Devonshire da ke zaune gidan Chatsworth, ya ɗauki nauyin aiko da abinci da magani, ƙauyukan kewaye kuma suna kawo kaya su aje bakin iyaka su koma. Ba a ce musu ku zauna gida anka juya baya ba. Duk wanda ya ga kullen korona na 2020 ya san inda gizo ke saƙa, mai tura ruwa da mai facin taya da mai tallar awara in bai fita yau ba ba a ɗora tukunya, kana ce mishi zauna don lafiyarka yana kallon ɗiyanshi. Mu ma'aikatan lafiya mun sha zagi lokacin, wani zagin ma da hujjarshi. Mutanen Eyam sun yi watanni a kulle don akwai burodi bakin dutse. Na so a ce direban ya tsaya kan wannan ko minti biyar ne.

Cocin garin St Lawrence sunanshi, mafi yawan gininshi na ƙarni na 13 zuwa 14 ne, ba a biyan kuɗin shiga sai akwatin taimako. Hajiya ta ce ita waje za ta tsaya, ba wanda ya ce mata don mi. Ni na shiga don rajistar mamatan, an rubuta su suna bayan suna, wata bayan wata, ka ga shafin Agusta 1666 ya cika ya tumbatsa, mutum sama da 70 cikin wata guda, sunan gida guda yana ta maimaituwa. Akwai kujerar Mompesson da taga mai gilashi kala kala da anka sa a 1985 da ke nuna labarin. A waje ga kabarin Catherine, ga wani gicciyen dutse mai sassaƙa da ya haura shekara 1000 tun zamanin Sakson, sai agogon inuwa na 1775 manne a bango, wanda ban da lokacin garin an zana mishi layukan wasu birane na duniya, cikinsu har da Makka. Amaryata ce ta hango, ta ce Kaka ga Makka, na ce ke da ba ki iya karatu ba, ashe uwarta ta raɗa mata.

Yanzu babban ƙorafin. A shafinsu na intanet sun sa hoton kaburburan Riley, wato na wani iyali da annobar ta cinye, da dutsen iyaka inda anka riƙa aje ma garin abinci, su ne ma sunka ja surukina ya biya. Muna gama coci direba ya duba agogo ya ce saura kaza mu sha shayi mu shiga gidan tarihi mu tashi, don akwai garin Bakewell gaba. Na ce ina kaburburan, ya ce ai da nisa, a ƙafa ake zuwa, ba ya cikin tsarin yau sai wanda ya ga zai iya da kanshi. Haba. To mi ya sa kunka sa hoton? Ɗiyata na ta Baba ka yi haƙuri, Baba ka bari, na ce ba faɗa nike ba tambaya nike. Ƙarshe ya nuna mani hanya ya ce in na wuce lokaci ba zai iya tsare sauran fasinja ba, na bar su Hajiya wajen shayi na kama hanya.

Gabas da gari ne, ka bi titi har gidaje su ƙare sannan ka hau wata ƴar hanya cikin itatuwa, hawa ne ba wasa ba ga mai gwiwa irin tawa, ga taɓo. Sai ka fito wani fili a gefen tudu, tsakiyarshi an kewaye wuri kaɗan da gajeruwar katangar dutse, ciki duwatsun kabari shida da wani babba guda. Iyalin Hancock ne. Matar gidan Elizabeth ta rufe mijinta da ɗiyanta shida cikin kwana takwas, daga 3 zuwa 10 ga Agusta 1666, ran 7 ga wata kaɗai mutum ukku har da mijin. Tunda alkawarin garin kowa ya rufe nashi, ita ke haƙa, ita ke jawo gawar daga gida. Ana cewa mutanen ƙauyen maƙwabta, Stoney Middleton, na hango ta daga tudunsu ba mai iya matsowa. Mu da in anka yi rasuwa kafin ka farga maƙwabta sun yi wanka sun yi sutura, matasa sun tafi haƙa, layi ya cika, mata sun cika gida, ka auna mace guda da magirbi ba mai ce mata sannu. Ba mai gadi wurin, ba mai saida tikiti, tumaki ne kawai ke kiwo. Wannan shi ne abin gani a Eyam, kuma shi ne kamfanin ya bari a matsayin in ka ga dama. Na dawo ina haki, direba ya riga ya tada mota.

Sakamakon haka gidan tarihin a tsaitsaye na leƙa shi rannan, sai da surukina ya maida mu wata Asabar da motarshi sannan na gan shi yadda ya kamata, na kuma ga dutsen iyaka. Shi dutsen yana kan hanyar ƙafa da ta gangara Stoney Middleton, ba wani babba ba ne, in ba a nuna maka ba sai ka zauna kanshi ka huta ba ka sani ba. An huda mishi ramuka shida a sama, nan ƴan garin ke zuba ruwan khal, wato binega, su jefa sulalla ciki, masu kawo abinci su aje kaya su tsame kuɗin, a ganinsu khal ɗin na kashe cutar. Akwai wata rijiya arewa da gari da ake kira da sunan Mompesson, ita ma haka anka yi da ita.

Gidan tarihin ƙarami ne, 1994 anka buɗe shi, ba ka ɓata don saman rufin an kafa ɓeran ƙarfe da ke juyawa da iska. Kuɗin shiga kaɗan ne, dattawan garin ke tsaronshi kuma suna da haƙurin amsa tambaya. Ban da annoba akwai sashen da ban zata ba, wanda ya sa na yi tsaye na daɗe. Ashe Eyam garin mahaƙa dalma ne, tun zamanin Rumawa ake haƙo ta a tuddan nan, da yawa cikin mutanen garin da ita suke ci, daga baya da dalmar ta ja baya sunka koma haƙar wani dutse da ake amfani da shi wajen narka ƙarfe, har ramin Ladywash ya rufe a 1979. Sun daɗe da sanin cewa ƙasar da ke kusa da inda ake wanke ta da narka ta na kashe dabbobi. Ɗan Zamfara ba ya ganin kalmar dalma ya wuce. A 2010 ƙauyukan Anka da Bukkuyum, su Dareta da Abare da Ƴargalma, yara sama da 400 sunka mutu saboda dutsen zinari da ake kawowa cikin gida ana daka ana niƙa, ƙurar cike da dalma, yaro na rarrafe yana kai hannu baki, sai suma da farfaɗiya. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sunka fara ankarar da duniya, Bagega kuwa sai 2013 anka kwashe mata gurɓatacciyar ƙasa. Ina kallon allunan sunaye bakin gidajen Eyam ina tambayar kaina ko akwai wanda ya rubuta sunayen yaran Dareta wuri guda. Su nasu shekara 350 da wani abu, kowane suna na nan da ranar da anka rufe shi.

Sauran abubuwan garin na kan titi, ba sai an kai ka ba. Akwai gidan Eyam Hall da iyalin Wright sunka gina wajen 1672, ƴan shekaru bayan annobar, harabarshi yanzu ƴan shaguna ne na kayan hannu masu tsada. Gabanshi a dandali ga turu nan har yau, inda ake saka ƙafar mai ƙaramin laifi jama'a su yi ta kallonshi, amaryata ta ce sai an saka ni. Sai kwamin dutse na ruwa a gefen hanya, tun 1588 sunka jawo ruwa daga maɓuɓɓugan tudu zuwa cikin gari, yana cikin tsofaffin tsarin ruwan jama'a na ƙasar. Wannan na karanta na yi shiru, don na san nawa nike sayen jarka a unguwarmu.

Abinci kada ka sa rai. Ƴan shagunan shayi ne, shayi da madara, burodi mai ɗan zaƙi da man shanu da jam, miyar ganye ko ta tumatir a kwano. Wanda su Hajiya sunka shiga matar na da kirki, da ɗiyata ta tambayi abin da ba alade ba giya ta nuna musu ba ɓata rai, amma naman halal babu, kuma kuɗin kofin shayi in ka juya shi naira sai ka aje kofin. Zuwa na biyu da dambun nama da filas ɗinmu munka tafi. Masallaci babu, mun haɗa azahar da la'asar a gefen wurin aje motoci bisa darduma, mutane na wucewa ba wanda ya tanka. Ban ɗaki na jama'a akwai kusa da wurin, mai tsabta, buta ce babu, a tafi da gora. Direban dai da munka ce za mu yi salla ya jira ba tsaki, wannan ma a rubuta mishi.

Bakewell gari ne mai kyau da kogi da agwagi da wani kek da suke alfahari da shi, mun ci, zaƙi kamar ya kashe ka. Chatsworth daga nesa anka nuna muna ta taga. Lokacin da anka kashe can ana yawon shaguna shi ne anka yanke daga Eyam, kuma na lura sauran fasinjan hakan ya yi musu, su hoto da tsaraba sunka zo yi, to ba zan ce kamfanin bai san kasuwarshi ba.

Wanda ɗanshi ba ya da mota, ko dattijuwar da ba ta iya hawan tudu, bas ɗin kamfani ta ishe su, za su ga gidajen annoba da coci da gidan tarihi cikin ɗumi ba wahala, kuma direba ba zai wulaƙanta su ba. Amma kafin a biya a rubuta musu a tambaya awa nawa za a yi cikin Eyam kanta, kuma kaburburan Riley da dutsen iyaka na cikin tafiyar ko hoto ne kawai, a aje amsar a waya. Wanda ke da mai kai shi, ko zai iya shiga bas ta haya da ke tashi daga Shefild ta bi ta garin, ya manta da kamfani, ya ba wurin yini guda, ya fara da gidan tarihi kafin komi don sauran su yi mishi ma'ana, ya duba ranakun da suke buɗewa tukuna don lokacin sanyi ba kullum ba ne. Takalmi mai rufi wanda ba ka jin tausayinshi, da rigar ruwa ko da ka ga rana. In ziyararka ta faɗo ƙarshen Agusta, Lahadin ƙarshe ta watan suke taron tunawa a Cucklett Delf, garin na cika ranar kuma wurin aje mota na wuya, sai a yi sammako ko a zaɓi wata rana.